Madubi ko Tarawa: Zaɓen Hanyar Daidaita Folda Zuwa Ɓangare Ɗaya

Duk wanda aikinsa ya rataya a kan kwamfuta a garin Sakkwato, ko mai shagon buga takardu ne, ko ma'aikacin ofis, ko mai ɗaukar hoton biki, ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke rubuta kundin digirinsa, ya san cewa ajiye aiki a wuri ɗaya kasada ce. Zafin bazara da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu da ke shiga cikin na'ura, da wutar lantarki da ke ɗaukewa ba sallama, duk suna rage wa kwamfuta kwana. Shi ya sa mutane da yawa suke da filas ko faifan ajiya na waje da suke zuba aikinsu lokaci-lokaci. Wahalar tana farawa ne idan fayiloli sun yi yawa, domin kwafar folda gaba ɗaya kowane mako ɓata lokaci ne, tsintar waɗanda aka taɓa da hannu kuwa ba ya rasa mantuwa. Maganin da aka samar shi ne daidaita folda zuwa ɓangare ɗaya: a nuna wa manhaja folda biyu, ɗaya tushe ɗaya ma'ajiya, ta kwatanta su, sannan ta kai abin da ya canza daga tushe zuwa ma'ajiya, ba tare da ta dawo da komai baya ba.

Manhajar sarrafa fayiloli da ke zuwa tare da Windows, wato File Explorer, ba ta yin wannan aiki. Idan mutum ya ja folda ya sauke a filas, iyakarta ta tambaye shi ko ta maye gurbin fayilolin da sunansu ya zo ɗaya ko ta tsallake su, kuma ba za ta faɗa masa abin da ke ma'ajiya wanda ya daɗe da barin tushe ba. Saboda haka dole a nemi wata manhaja, kuma nan ne ake yawan tambayar wacce ta fi. A ganina wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce: idan fayil ya ɓace ko ya lalace a tushe, me zai sami takwaransa da ke ma'ajiya? Amsar wannan ce ke raba hanyoyin da ake da su, kuma wanda bai amsa ta ba zai iya yin asara da kowace manhaja, komai kyanta.

Hanya ta farko ita ce madubi. A nan manhaja tana mayar da ma'ajiya daidai da tushe ba ragi ba ƙari: sabon fayil a kwafe shi, wanda aka gyara a maye gurbin tsohonsa, wanda kuma aka goge a tushe a goge shi a ma'ajiya. Alfanunta a bayyane yake. Ma'ajiya ba ta kumbura fiye da tushe, tsarin foldoji yana nan yadda mai shi ya san shi, kuma ranar da kwamfuta ta mutu zai ɗauki faifansa ya jona a wata ya ci gaba da aiki nan take, ba sai ya tsaya tantance sabo da tsoho ba. Ga ofishin da ke da takardun da ake yawan sake wa suna da wuri, wannan tsabta ba ƙaramin abu ba ce.

Sai dai haɗarin madubi yana cikin alfanun nasa, domin manhaja ba ta san bambancin gogewar ganganci da ta kuskure ba. Idan yaron shago ya goge foldar wani kwastoma ranar Talata ba tare da an lura ba, aka yi madubi ranar Alhamis, to an goge kwafi na biyu da hannun mai shi, kuma abin da aka ajiye domin ceto ya bi sahun abin da ya ɓata. Akwai kuma kuskuren juya alƙibla, inda mutum ya sa ma'ajiya a gurbin tushe, sai tsohon aikin wata guda ya hau kan na yau ya shafe shi. Mafi muni shi ne ranar da aka sayi sabuwar kwamfuta, aka buɗe folda mai suna irin na da amma babu komai a ciki, aka danna madubi bisa sabo: manhaja za ta ga tushe fanko ne, ta mayar da ma'ajiya fanko. Wani zai ce ai akwai kwandon shara. Ya kamata a san cewa Windows ba ya ajiye kwandon shara a kan filas, haka ma a kan foldar wata kwamfuta da ake shiga ta hanyar sadarwar ofis. Abin da aka goge a can ya tafi kai tsaye. Faifan waje babba ne kawai yakan samu kwando, shi ma idan manhajar da ake amfani da ita ta yarda ta bi ta cikinsa.

Hanya ta biyu ita ce tarawa. Ita tana kwafar sabo da wanda aka gyara, amma ba ta goge komai a ma'ajiya. Wanda ya ji labarin madubi nan take zai ce wannan ce mafita, kuma ga wasu ayyuka gaskiyarsa ne. Hotuna da bidiyo da karatun da aka naɗa a wa'azi ko a aji abubuwa ne da ba a cika gyara su ba, ana dai ƙara su ne, kuma sau da yawa ana goge su a waya ko kwamfuta don a sami fili, ba don an gaji da su ba. A irin wannan, madubi ɓarna ne tsantsa, tarawa ce daidai. Amma ga takardun da ake aiki a kansu kullum, tarawa tana da aibi biyu. Na farko, duk lokacin da aka sake wa fayil suna ko aka mayar da shi wata folda, manhaja tana ganinsa sabo, ta kwafe shi, tsohon kuma ya zauna. Bayan shekara guda sai a tarar da babi ɗaya na kundi a wurare huɗu da sunaye daban-daban, mai shi kansa bai san na ƙarshe ba. Na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne mutane ba su cika lura da shi ba: tarawa tana kare mutum daga gogewa ne kawai, ba ta kare shi daga lalacewa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar adana takarda ta lalace, ko aka share rabin rubutu aka adana bisa kuskure, manhaja za ta ga fayil ne da aka gyara, ta ɗora lalataccen a kan lafiyayyen. Haka abin yake da irin ƙwayar cutar kwamfuta da ke garkuwa da fayiloli tana neman kuɗin fansa, kamar WannaCry da ta bazu a duniya a watan Mayun 2017. Wadda ta kulle fayil ta bar masa sunansa, tarawa za ta kai kullallen ya danne na asali. Wadda ta sake suna kuwa, madubi zai goge na asali ya bar kullallen.

Hanya ta uku ita ce madubi mai ajiye tsofaffi. Ma'ajiya tana zama daidai da tushe kamar a hanya ta farko, amma duk fayil ɗin da za a goge ko za a maye gurbinsa, sai a ɗauke shi a kai wata folda ta daban, a liƙa masa kwanan wata da lokaci. Ta haka mutum yana da tsabtar madubi, yana kuma da hanyar komawa baya idan ya gano kuskure bayan mako biyu. Kuɗin da ake biya shi ne fili, domin foldar tsofaffi tana girma, sai an riƙa rage ta. Ga takardun rubutu da na lissafi wannan ba abin damuwa ba ne, tunda ba su da nauyi. Ga mai haɗa bidiyo kuwa sai ya yi lissafi. Ni dai wannan hanya nake ba mafi yawan mutane shawara a kai, kuma da ita nake auna manhajojin da ke tafe.

A cikin manhajojin sarrafa fayiloli, wadda ta fi suna a wannan aiki ita ce Total Commander, wadda Christian Ghisler na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1993 da sunan Windows Commander, kafin a sake mata suna a 2002. Fuskarta kashi biyu ce, folda ɗaya a hagu ɗaya a dama, abin da ya sa kwatantawa ta zame mata jiki. Mutum zai buɗe tushe a hagu, ma'ajiya a dama, ya shiga Synchronize Dirs, ya sa ta kwatanta, sai ta jero masa kowane fayil da kibiyar da ke nuna inda zai nufa. Idan ya sa alama a akwatin da aka rubuta wa Asymmetric, ta koma madubi: dama za ta zama kwafin hagu, kuma duk abin da ke dama kaɗai za a yi masa alamar gogewa. Idan bai sa ba, za ta ba da shawarar kwafa ta ɓangarorin biyu, sai shi ya cire alamar daga dama zuwa hagu, abin da ya rage ya zama tarawa ke nan. Abin da nake yaba mata shi ne komai a gaban ido yake, kuma mutum yana iya danna fayil ɗaya ya juya kibiyarsa ko ya cire shi daga aikin, har ma ya buɗe fayiloli biyu gefe da gefe ya ga layin da ya bambanta. Tana da sauƙin nauyi, tana tashi a kan tsohuwar kwamfuta ba tare da jan ƙafa ba.

Rauninta shi ne kariyar duka tana wuyan mai amfani da ita. Ba a gina wannan ɓangare nata don ajiye tsofaffin fayiloli da kwanan wata ba, saboda haka jerin da take nunawa kafin a danna shi ne katanga ta ƙarshe, kuma ɗan Adam idan ya maimaita abu sau talatin yakan daina karantawa. Haka nan idan aka sake wa babbar folda suna, za ta kwafe ta duka daga farko sannan ta goge tsohuwar. Ba kyauta ba ce kuma. Ana gwada ta kwana 30, bayan haka haƙƙin mai ita ne a biya shi, ko da yake ba ta daina aiki. Wanda biyan kuɗi zuwa waje zai yi wa wuya, kuma ba ya son cin haƙƙin wani, yana da Double Commander, wadda kyauta ce, an gina ta a kan fasali iri ɗaya, tana da wannan daidaitawar da akwatin Asymmetric, tana kuma aiki a Windows da Linux da macOS. Hukuncina a kansu ɗaya ne.

FreeFileSync ba manhajar sarrafa fayiloli ba ce, aikinta ɗaya tak shi ne daidaita foldoji, kuma a nan ta fi su zurfi. Kyauta ce ga mai amfani da ita don aikin kansa, tana aiki a Windows da macOS da Linux. Tana ba da zaɓi da sunayensu a fili: Mirror shi ne madubi, Update shi ne tarawa, Two way kuma na ɓangare biyu ne wanda ba shi muke magana a kai ba. Ita ma tana nuna jerin abin da za ta yi kafin ta yi, tare da adadin fayilolin da za a ƙara da waɗanda za a goge, kuma takan yi gargaɗi idan ta ga foldojin biyu sun yi nisa da juna ƙwarai, wanda sau da yawa alama ce ta an zaɓi folda ba daidai ba. Abin da ya ɗaga ta a wurina shi ne wurin da ake faɗa mata yadda za ta yi da abin da za a goge ko a danne: ko kwandon shara, ko gogewa ta dindindin, ko Versioning, wato hanya ta uku da na bayyana. Ana iya ƙayyade mata kwana nawa za ta riƙe tsofaffi, ko kwafi nawa na kowane fayil, don kada faifan ya cika.

Akwai abubuwa biyu kuma da suka dace da halin da muke ciki. Idan tana maye gurbin fayil, ba ta rubutu kai tsaye a kan tsohon. Tana fara rubuta sabon da suna na wucin gadi, sai ya kammala sannan ta sake masa suna ya hau gurbin. Idan wuta ta ɗauke ko janareta ya mutu a tsakiya, tsohon yana nan lafiya. Ga mai kwamfutar tebur da ba ta da batirin tsaro, wannan kaɗai ya isa dalili. Na biyu, tana iya gane cewa fayil matsar da shi aka yi ko suna aka sake masa, sai ta matsar da na ma'ajiya maimakon ta sake kwafa, musamman idan faifan na tsarin NTFS ne, wato tsarin jera fayiloli da Windows ke amfani da shi a faifan cikin kwamfuta. Ana kuma adana saitin aiki a ɗan fayil, ta yadda gobe danna shi kawai za a yi, alƙibla ba za ta juya ba. Tana zuwa da wata 'yar manhaja, RealTimeSync, mai sa ido a kan folda ta tayar da aiki da zarar an ga canji ko an jona faifai. Wannan ban cika son a haɗa shi da madubi maras ajiye tsofaffi ba, domin kuskuren da aka yi yanzu zai isa ma'ajiya kafin mai shi ya farga.

Sai Robocopy, wanda yake cikin kowace Windows tun daga Vista, ba sai an sauke komai ba, amma ba shi da fuska, rubuta masa umarni ake yi. Idan aka ƙara masa /MIR ya zama madubi, idan aka ba shi /E kawai ya kwafi foldoji ba tare da gogewa ba. Yana da ƙarfi da juriya, kuma shi ya fi dacewa da aikin da za a ɗora a jadawalin Windows ya riƙa gudana da kansa a ofis mai kwamfutoci da yawa. Amma ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, kuma abin da ya goge ba ya bi ta kwandon shara ko da a kan faifan da ke da kwandon. Wanda zai yi amfani da shi ya fara da /L, wanda ke jero abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. Ya kuma san cewa idan fayil ya ƙi kwafuwa, saitinsa na asali shi ne ya sake gwadawa har sau miliyan ɗaya yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, don haka sai an rage da /R da /W, in ba haka ba fayil ɗaya da wani ya bari a buɗe zai tsayar da aikin dare gaba ɗaya. Ko a yanayin da ba ya gogewa, yakan ɗora tsohon fayil na tushe a kan sabo na ma'ajiya sai an hana shi da /XO. Masu Linux suna da rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Shi ba ya gogewa sai an ce masa --delete, yana da gwajin da ba ya taɓa komai, kuma yana iya kai tsofaffi wata folda. Wanda ya kai ga amfani da shi ba ya bukatar dogon bayani daga gare ni. Tsohuwar SyncToy ta Microsoft kuwa, da har yanzu ake gani a wasu kwamfutoci, kamfanin ya daina kula da ita, bai kamata a ɗora sabon tsari a kanta ba.

Dukkan waɗannan manhajoji suna da abu ɗaya da suka dogara a kai, wanda ya cancanci a tsaya a kansa: ta yaya suke sanin fayil ya canza? A bisa al'ada suna duba girmansa da lokacin da aka yi masa gyaran ƙarshe, domin wannan yana da sauri. To amma lokaci yana da amfani ne idan agogon kwamfuta daidai yake, kuma yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, ƙaramin batirin da ke riƙe agogonsu ya daɗe da mutuwa, sai ka kunna ka ga ta koma wata shekara da ta shuɗe. Takardar da aka gyara yau a irin wannan kwamfuta za ta ɗauki tsohon kwanan wata, kuma duk saitin da ke kwafar abin da ya fi sabunta kawai zai tsallake ta, mai ita yana zaton an ajiye. Madubi bai damu da wane ya fi sabunta ba, da zarar ya ga bambanci sai ya bi tushe, kuma a wannan gaɓa ya fi tarawa aminci. Duk da haka gyaran gaskiya shi ne a sake batirin, abu ne mai araha da kowane mai gyaran kwamfuta zai yi cikin 'yan mintuna.

Filas da memori da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ke rubuta lokaci da tazarar daƙiƙa biyu-biyu, alhali NTFS na cikin kwamfuta ya fi haka ƙididdiga nesa ba kusa ba. Sakamakon haka fayil ɗaya zai iya bayyana da lokaci biyu mabambanta, manhaja ta riƙa sake kwafarsa kullum. FreeFileSync tana yafe wannan tazara da kanta, Robocopy kuwa sai an ƙara masa /FFT. Har wa yau FAT32 yana ajiye lokacin gari ne, NTFS kuma lokacin duniya. Mu a Najeriya da Nijar ba ma sauya agogo da rani ko damina kamar Turai, don haka matsalar awa ɗaya da suke fama da ita ba ta shafe mu ba. Amma wanda ya tafi aikin Hajji ko Umra da kwamfutarsa ya mayar da ita lokacin Saudiyya zai ga duk fayilolin filas sun bambanta da na kwamfuta da awa biyu, kamar an gyara su duka. Wani iyaka na FAT32 shi ne ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, abin da masu bidiyon biki suke karo da shi. Wanda faifansa tsakanin kwamfutocin Windows kawai yake yawo, ya mayar da shi NTFS. Wanda zai jona shi a wasu na'urori, exFAT ya fi masa.

Hanya ta biyu ta kwatantawa ita ce a karanta abin da ke cikin fayilolin biyu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda masu kwafar littattafai a garin nan suke muƙabala, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi da ido. Total Commander da FreeFileSync duk suna da wannan zaɓi. Ba abin yi kullum ba ne, domin gigabait 100 ta tsohuwar kafar USB 2.0, wadda da ƙyar take wuce megabait 30 a daƙiƙa, zai ci kusan awa guda. Amma yin sa bayan kwafar farko, da kuma sau ɗaya a 'yan watanni, shi ne ke tona asirin faifan da ya fara lalacewa, da kuma jabun filas da aka rubuta wa girman da ba shi da shi, wanda ke karɓar fayiloli da sunansu da girmansu daidai alhali cikinsu babu komai. Kwatancen lokaci da girma ba zai taɓa kama wannan ba.

Wani ƙaramin abu mai jawo babbar ɓarna shi ne harafin faifai. Windows na iya kiran faifanka E yau, gobe idan an riga an jona wani filas ya kira shi F, harafin E kuma ya koma kan filas ɗin kwastoma. Umarnin madubi da aka adana da harafin E zai iya sauka a kan kayan wani. A shagon da ake jona filas iri-iri daga safe zuwa dare, wannan ba abu ne mai nisa ba. FreeFileSync tana ba da damar a kira faifai da sunan da aka raɗa masa maimakon harafi, kuma ga mai Robocopy, sai ya ba faifansa harafi na can ƙarshe kamar X ko Z, sannan kada ya taɓa nufar madubi a kan faifai gaba ɗaya, ya nufe shi a kan wata folda mai suna na musamman.

Batun waya ya ɗan bambanta. Wayar Android da aka jona da igiya ba ta samun harafi kamar filas, don haka Robocopy ba ya ganinta, amma FreeFileSync tana iya shiga cikinta. Akwai kuma Syncthing, wadda kyauta ce, tana haɗa waya da kwamfuta kai tsaye a kan wayfay ɗaya ba tare da cin data ba, kuma ana iya sa foldar waya ta zama mai aikawa kawai, ta kwamfuta mai karɓa kawai. Sai dai a kula, aikawa kawai ba tarawa ba ce: hoton da aka goge a waya za a goge shi a kwamfuta, sai in an kunna ajiye tsofaffi a ɓangaren mai karɓa. Google Drive da OneDrive kuwa, a yadda aka saba amfani da su a kwamfuta, daidaitawar ɓangare biyu suke yi, gogewa a nan gogewa ce a can, ko da yake suna riƙe abin da aka goge na wani lokaci, kwana 30 a Google Drive. Filin kyauta gigabait 15 ne a Google, 5 a OneDrive. Ya ishi takardu, bai ishi bidiyo ba, kuma kuɗin data yana kan mai lodawa.

Idan aka zo zaɓe, ɗalibi ko malamin da ke rubuta kundi ko littafi ya ɗauki FreeFileSync, ya sa madubi tare da ajiye tsofaffi, ya bar su su taru har ya kare aikinsa, domin sakin layin da mai duba aiki ya ce a cire a wata na uku yakan ce a dawo da shi a wata na tara. Mai shagon buga takardu shi ma haka, da ƙarin sharaɗin kiran faifai da suna da kuma cire shi daga kwamfuta da zarar an gama, tunda faifan da ke jone kullum duk cutar da ta kama kwamfuta za ta iya kama shi. Mai hoto da bidiyo ya raba aikinsa biyu: ainihin abin da aka ɗauko daga kyamara ya bi hanyar tarawa, kada a taɓa yi masa madubi, foldar aikin da ake gyarawa kuma ta bi madubi. Wannan hukunci ya fi ƙarfi ga masu ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, irin waɗanda ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da gidajen malamai, domin takardar da ta tsufa ba kullum za ta jure a sake buɗe ta ba. A irin wannan aiki tarawa ce kawai, tare da kwatanta ciki da ciki bayan kowace kwafa.

Total Commander ko Double Commander sun dace da wanda dama a cikinsu yake aikinsa na yau da kullum, wanda foldojinsa ba su da yawa, kuma ya san zai karanta jerin kafin ya danna. Ga daidaitawar lokaci ɗaya, kamar haɗa foldar bara da ta bana a ga abin da ya ɓace, babu wadda ta fi su daɗin aiki. Robocopy na ma'aikacin da aka ɗora wa kula da kwamfutocin ofis ne, wanda zai rubuta umarni, ya gwada shi, ya kuma riƙa duba rahoton da yake fitarwa. Ban ga dalilin da zai sa a miƙa wa sakatare ko yaron shago umarnin /MIR a ce ya riƙa dannawa ba.

Kowace aka zaɓa, kada a fara gwada ta a kan aikin gaske. A buɗe folda biyu na gwaji, a zuba fayiloli biyar ko shida, a daidaita, sannan a goge ɗaya a tushe, a sake wa ɗaya suna, a gyara ɗaya, a sake daidaitawa, a je ma'ajiya a ga abin da ya sami kowanne da inda tsohonsa ya tafi. Sannan a tuna cewa faifan da ke cikin jaka ɗaya da kwamfuta, ko a aljihun tebur ɗaya, ɓarawo ɗaya ko wuta ɗaya ce za ta tafi da su tare. Gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ta isa shaida ga duk mai shago. Wanda ya sami hali ya sayi faifai biyu, ɗaya a wurin aiki ɗaya a gida, yana musanya su kowace Juma'a, kowanne da sunansa da saitinsa da foldar tsofaffinsa.